Yadda Ake Haɗa Kundin Hotunan Iyali da Hannu, Wanda Zai Jure Damina da Gara

Kusan kowane gida akwai wata leda ko tsohon gwangwanin biskit da aka cusa hotuna a ciki: na suna, na Sallah, na saukar Alƙur'ani, da katin gayyatar wani biki da amaryarsa ta riga ta yi jika. Sauran suna cikin waya, ranar da ta faɗa ruwa ko aka yi awon gaba da ita, shi ke nan. Haɗa su cikin kundi guda aikin yini biyu ne, kuma yara za su iya yin rabinsa. Inda ake samun matsala shi ne gam da irin takardar da aka zaɓa, domin kundin da aka liƙe da salatif a kan kowace irin takarda ba ya shekara biyar sai hotunan sun yi tabo.

Saboda haka ku riƙe ƙa'ida ɗaya tun daga farko: duk hoton da ba shi da na biyu, kada gam ya taɓa shi. A yi masa mazaunin da zai shiga ya fita.

Tantance kaya

Ku shimfiɗa tabarma ku zazzage komai. Hotuna gefe guda, takardu gefe guda, ƙyalle da sauran tarkace gefe guda. Takardar haihuwa, takardar fili, shaidar kammala makaranta da katin rigakafin yara ba na kundi ba ne. A yi musu fotokofi a liƙa kwafin, asalin ya koma inda ake ajiye shi. Labarin da aka yanko daga jarida shi ma a kwafe shi a kan farar takarda, don takardar jarida tana yin ja da kanta, kuma tana shafa wa duk abin da ta kwanta a kai.

Hoton sikanin na ciki, rasitin POS da wasu tikitocin mota suna buƙatar kulawa ta daban. Zafi ne ya buga rubutunsu, babu tawada a jiki. Ku karta gefen takardar da farce, in ya bar baƙin layi to irinta ce. Idan aka kai ta wurin masu laminatin, zafin injin zai mayar da ita baƙa ƙirin nan take, kuma ba ta dawowa. Gam ma yana goge ta. A ɗauki hotonta da waya a wanko, ita kuma a sa ta cikin ƙaramin ambulan a liƙa ambulan ɗin a shafi.

Hotunan da ke waya a zaɓi kaɗan. Uku masu kyau daga biki guda sun fi ashirin masu kama da juna. A wanko su girman inci 4 da 6, wato santimita 10 da 15, a wurin masu wankin hoto. Wanda aka buga da firintar ofis mai tawadar ruwa yana dishewa da wuri, ɗigon ruwa ɗaya kuma ya isa ya ɓata fuska.

Shafuka

Takardar fotokofi ta yau da kullum giram 80 ce (nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar ke nan, da shi ake gane kaurinta), ba ta iya ɗaukar hoto, lanƙwashewa take yi. Ku nemi kwali mai laushi na giram 160 zuwa 200, girman A4 (santimita 21 da 29.7), guda 20. Fari ko ruwan madara ya fi aminci. Baƙi yana fito da hoto, amma mai araha yakan zuba idan ya ji danshi. Gwajin ba wuya: a jiƙa farin tsumma a goga a gefe, in ya ɗauko launi a bar shi.

Takarda tana da jijiya, kamar yadda rake ko katako ke da ita. Ku ɗauki guda ɗaya ku lanƙwasa ta a hankali ta tsawo, sannan ta faɗi. Ta ɓangaren da ta fi saurin bi, nan jijiyar ta miƙe. Dole jijiya ta bi layin ɗinki, in ba haka ba shafi zai riƙa tsayawa ƙiƙam idan an buɗe, kuma zai yi kumbo da zarar damina ta kama. Yawancin A4 jijiyarta ta tsawo take, don haka a ɗinke kundin ta dogon gefe. Idan daga babban kwali za a yanko, a gwada kafin a sa reza.

A kowane shafi a auna santimita 3 daga gefen hagu, a ɗora rula, a ja layi da bayan wuƙa ko biron da tawadarsa ta ƙare. Danna ake so, kada a yanke. Nan ne shafin zai riƙa lanƙwasawa. Abin da ya rage faɗin santimita 18 ne, yana ɗaukar hotuna biyu a kwance, ɗaya bisa ɗaya, da sauran fili na rubutu.

Ga abin da yawancin masu farawa ke tsallakewa. Hoto yana da kauri, ƙyalle ma haka. Idan aka ɗinke shafuka 20 a matse sannan aka cika su, kundin zai wangame baki kamar kada, ɗinkin ya yi ta jan takarda har ta yage. Maganinsa shi ne a yanko siraran kwali, faɗin santimita 2.5, tsawon shafi, a sa ɗaya tsakanin kowane shafi biyu a wajen ɗinki. Shafin da za a liƙa wa ƙyalle mai kauri, irin leshi, a sa masa biyu.

Bango da ɗinki

Kwalin taliya ko na sabulu mai rami-rami a tsakiya ba ya yin bango: yana lotsewa, ramukan kuma ɗakin kwanan kyankyasai ne. A nemi kwali mai tauri, kaurin milimita 2, a shagon masu haɗa littafi, ko a ɓalle bangon tsohon rajista. Na baya guda ɗaya ne, santimita 21.3 da 30.3. Na gaba a raba shi biyu, siriri mai faɗin 2.5 da babba mai faɗin 18.3, a bar ratar rabin santimita tsakaninsu. Ratar nan ita ce gaɓar da bangon zai riƙa buɗewa, kuma ta yi daidai da layin da aka danna a shafuka.

Atamfa ko shadda ta fi komai kyau a bango, musamman ragowar ankon wani biki na gidan. A wanke ta tukuna sitacin kamfani ya fita, a goge. A yanka ta zarce kwalin da santimita 2 ta kowane gefe. Gam a kan kwalin ake shafa shi, siriri, a ɗan jira minti ɗaya ya sha iska kafin a ɗora ƙyallen. Idan aka shafa a kan ƙyalle ko aka labta da yawa, zai ɓullo ta gaba ya bar tabo mai ƙyalli da ba ya fita. A kusurwa a yanke ƙyallen a karkace, amma a bar milimita 3 daga bakin kwalin, in aka yanke dab da shi kan kwalin zai leƙo. A naɗe dogayen gefuna, sannan gajeru.

Da zarar an gama za ku ga bangon ya fara lanƙwasowa ta ɓangaren ƙyalle. Ba lalacewa ya yi ba, gefe guda ne ya sha ruwa. A liƙa takarda a cikinsa ta rufe bakin ƙyallen, ita za ta jawo shi ya miƙe. A sa leda sama da ƙasa, a ɗora katako da bulo guda, a bar shi ya kwana. Da hunturu, bangon da aka bari a fili ya bushe yana murɗewa cikin awa ɗaya, kuma da wuya ya koma daidai.

Rami huɗu sun isa, santimita 1.5 daga gefe: ɗaya santimita 3 daga sama, ɗaya santimita 3 daga ƙasa, biyu a tsakani da ratar kusan santimita 8. A fara huda kwali guda ya zama ma'auni, a riƙa ɗora shi a kan shafuka biyar-biyar ana hudawa da abin huda takarda, ko ƙusa mai inci 3 da guduma a kan katako. A bangon a tuna ya fi shafi tsawo da milimita 3 sama da ƙasa, a daidaita ma'aunin a tsakiya. A zura igiyar takalmi, kirtani mai kauri ko siririyar fata daga wurin dukawa, a ɗaure ta gaba. Amfanin wannan ɗauri shi ne idan aka yi sabuwar haihuwa, kwancewa kawai za a yi a ƙara shafi. Kada a sa fil ko kilif na ƙarfe ko'ina a ciki, tsatsarsu tana cin takarda.

Gam

Salatif shi ne babban maƙiyi. Bayan 'yan shekaru ledar tana ɓallewa, danƙon ya nutse cikin takarda ya zama ruwan ƙasa. Gam mai ƙarfi na ƙaramin bututu, wanda ake liƙe takalmi da shi, yana ƙone hoto ya sa shi tauri. Farin gam na kafintoci ya yi a bango da ƙyalle, sai dai abin da ya kama ya kama ke nan.

Na takarda da takarda, babu kamar sitacin da aka dafa a gida. Cokali 1 na garin sitacin rogo ko fulawa, cokali 5 na ruwan sanyi. A dama ya narke sarai kafin a ɗora a wuta, a rage wutar, a yi ta juyawa minti 5 zuwa 8 har farin ya tafi ya koma kamar koko mai kauri da ake hangen cokali ta cikinsa. A sauke ya huce, a tace da rariya. Idan ya yi gudaji, an zuba garin ne a ruwan zafi. Idan ba ya kamawa, bai dahu ba. Kwana 2 yake yi a waje, kusan mako a firji, da ya fara tsami ko tsinkewa a zubar. Sitacin guga na leda mai ƙamshi ba ya cikin lissafi, an haɗa shi da wasu abubuwa.

Ƙaro ma gam ne, shi ne wanda malamai ke sa wa tawada don ta kama allo da takarda. Awo 1 na ƙaro, awo 2 na ruwan ɗumi, ya kwana, a tace. Ya yi wa ƙananan yanke-yanke na ado da bakin ambulan, amma yana tsagewa idan ya bushe da kauri, da damina kuma yana iya yin danƙo, don haka ba a liƙa babban abu da shi.

Kowane iri ne, a shafa da buroshi daga tsakiya zuwa gefe, siriri yadda ba ya taruwa. Takardar da ta yamutse bayan liƙi ruwa ne ya yi mata yawa. A ɗora farar takarda a kai a murje da tafin hannu, a danne da littafi mai nauyi.

Mazaunin hoto kuwa da takarda ake yinsa. A yanko siririya, faɗin santimita 1.5, tsawon 5. A sa alama a tsakiyar gefen sama, a naɗo hannun dama ƙasa, a naɗo na hagu su haɗu, sai ga ƙaramin aljihu mai kusurwa uku. A datse jelar da ta zarce. A zura huɗu a kusurwoyin hoton, a ɗiga gam a bayan aljihunan kawai, a ɗora a shafi. A bar wa hoton ɗan sarari kamar milimita 1, domin takarda tana buɗewa da damina ta tsuke da rani, hoton da aka matse kuma yana yin doro. Yaro ɗan shekara takwas da ya ga an yi biyu zai naɗe hamsin kafin la'asar.

Takardar da aka yi a gida

Wannan ne ɓangaren da yara suka fi so, kuma yana cinye tsofaffin littattafan makaranta da suka cika kwaba. Kafin a fara yage-yage, babba ya duba ya ware duk shafin da ke da aya, hadisi ko sunan Allah, littattafan Islamiyya ba sa shiga wannan aiki. Takarda mai santsi ta mujalla da mai leda a jiki su ma a cire, ba sa narkewa.

Kafinta zai haɗa firam biyu iri ɗaya, cikinsu santimita 15 da 21. A ja ragar taga ta roba a kan ɗaya, a buga ta ta yi tauri kamar fatar ganga. Raga mai sako-sako tana ba da takarda mai kauri a tsakiya, sirara a gefe. Ɗaya firam ɗin a bar shi haka nan, aikinsa tsare gefe.

A yayyaga takarda 10 girman A4 gutsi-gutsi, kamar santimita 2 zuwa 3, a jiƙa su kwana. Da hannu ake yagawa, almakashi yana datse zaren takardar. Da safe a ɗebi cikin hannu ɗaya a sa a bilenda da ruwa lita 1, a markaɗa daƙiƙa 20 zuwa 30. Idan aka cika ta, injin zai ƙone. Inda babu wuta, a matse ruwan a daka a turmi, kuma wanda aka daka yakan fi ƙarfi don zarensa bai guntule ba. A gwada: a sa ɗan kaɗan a kwalbar ruwa a girgiza, in ya watse kamar gajimare ba gutsattsari, ya yi.

A zuba ruwa lita 8 zuwa 10 a baho mai faɗi, a juye rabin markaɗen, a ƙara cokali 2 na dafaffen sitaci. Ba don sitacin nan ba, tawada za ta riƙa yaɗuwa a takardar kamar a kan tsumma. A motsa da hannu. A riƙe firam mai raga, ragar tana sama, a kifa ɗayan a kai. A tsoma su a tsaye daga can gefen baho, a kwantar a ƙarƙashin ruwa, a ɗago a miƙe ba tare da tsayawa a hanya ba. Ruwa na tsiyaya a ɗan girgiza gaba da baya, hagu da dama, yadda ake tankaɗe amma a hankali. Girgizar nan ce ke sarƙe zaren. A cire firam na sama, a kula kada ruwansa ya ɗiga a kai, ɗigo ɗaya rami ne.

A shimfiɗa tsohon zanin auduga mai ɗan danshi a kan katako, a kifa ragar a kai, a danna bayanta da soso ana matsewa har ruwa ya daina fitowa, sannan a ɗaga daga gefe guda. Idan takardar ta biyo raga, ko zanin ya bushe da yawa ko ba a tsane ruwan sosai ba. Idan ta yage, ta yi siriri, a ƙara markaɗe. Wadda ta lalace a mayar da ita baho, ba a yi asarar komai ba. Bayan kowace takarda biyu a ƙara kofi ɗaya na markaɗe. A jera su zani, takarda, zani, takarda, a ɗora katako wani babba ya taka na minti biyu, sannan a shanya kowace da zaninta a inuwa. Rana tana sa ta murɗe. Da ta kusa bushewa a ɓare ta a goge da dutsen guga marar zafi sosai, da ƙyalle a tsakani. Takarda 10 na ba da kamar 8.

Launi yana da abin mamaki. Ruwan zoɓo ja ne a kofi, amma a takarda yakan koma shuɗi-shuɗi ko toka, saboda farar takarda tana ɗauke da alli, shi kuma launin zoɓo yana juyewa idan ya haɗu da abu mai kanwa-kanwa. Kurkum yana ba da rawaya mai kyau da ke dishewa a haske. Ɓawon albasa da aka tafasa da lalle suna ba da ruwan ƙasa da ya fi daɗewa. Busassun furanni da zaren atamfa a barbaɗa su cikin baho, kada a ɗora a sama, in ba haka ba za su zube.

Wannan takarda ta ado ce: katin barka da Sallah, ambulan, tambarin rubutu, shafin farko na kundi. Ba a kwantar da tsohon hoto kai tsaye a kanta, tunda ba a san abin da ke cikin tawadar da aka markaɗa ba. Mai son ta yi ƙarfi ya daka tsohuwar farar auduga ya haɗa. Tsofaffin rubuce-rubucen malaman Kano, Katsina da Sakkwato, irin waɗanda ake adanawa a Arewa House da ke Kaduna, da yawansu a kan takardar Italiya aka yi su, mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke kawowa ta Sahara. Daga tsummokara aka yi ta, shi ya sa ta kai yau, alhali jaridar bara ta riga ta yi ja.

Rubutu

Hoton da ba a rubuta komai a ƙarƙashinsa ba, bayan shekara talatin baƙi ne kawai tsaye a gaban labule. A ƙarƙashin kowanne a sa cikakken suna, laƙabin da ake kiran mutum da shi a gida, dangantaka, gari da unguwa, da shekara. "Goggo" kaɗai ba ta isa ba, kowane gida akwai goggo biyar. In an san watan Musulunci a haɗa, don tsofaffi sun fi tuna abu da "bayan Sallar layya" ko "cikin azumi". Inda ake kokwanto a rubuta "wajen 1985", kada a yanke.

A ɗauki hotunan a kai wa kaka tun tana da ƙarfin gani. Tambaya a taƙaice ta fi jawo zance: "Hajiya, wace ce wannan da ke tsaye bayan Kawu?" Wani yaro ya riƙe waya yana naɗar murya, a rubuta daga baya da kalmominta, har da karin maganar da ta jefa. Shafi guda a ware wa salsalar gida, da fensir tukuna, domin sai an goge sau uku kafin Baffa da Inna su yarda da jerin.

A bayan hoto da fensir mai laushi ake rubutu, 2B ko sama, a gefe, ba tare da dannawa ba. Biro yana huda fuska ta gaba, tawadarsa kuma tana shafar hoton da ke ƙasa. Hoton zamani mai santsin baya ba ya karɓar fensir, nasa bayanin a shafi kawai.

Reza da ƙusa na manya ne. 'Yan ƙasa da shekara shida a ba su yage takarda da motsa baho, waɗanda suka fi su a ba su almakashi marar tsini, naɗe aljihu da shafa gam. A bar wa kowane yaro shafinsa ya yi yadda ya ga dama, ko da ya karkace.

Ajiya

Sitaci abincin kyankyaso ne, takarda kuma abincin gara, don haka sai kundin ya bushe ƙayau, kwana 3 aƙalla, kafin a rufe shi. A naɗe shi da farin ƙyallen auduga a sa a akwatin ƙarfe ko saman kwaba, a kwance, nesa da ƙasa kuma ba jingine da bango ba. Kada a ƙulle shi a leda da damina, danshin da ya shiga ba ya fita, fumfuna ke biyo baya. Ƙananan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi a jefa uku ko huɗu a akwatin. Busasshen ganyen darbejiya a ƙulle a tsumma yana taimakawa wajen korar ƙwari. Kafur in za a sa, a kusurwar akwati, kada ya taɓa hoto.

A watan Agusta, ranar da aka samu rana, a fito da shi a buɗe shafi-shafi a inuwa ya sha iska na awa ɗaya. Idan an ga fumfuna, a bari ta bushe a share da busasshen buroshi a waje, ba a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Hotuna biyu da suka manne da juna kada a fizge su. A fara ɗaukar hoton abin da ake iya gani da waya, sannan a zura siririn zare mai santsi tsakaninsu ana ja a hankali kamar zarto, in ya tirje a tsaya a bar su haka.